Wa Zai Auna Aikin Ƙungiyoyin Agaji Bayan Tafiyar Masu Kuɗi?

Ran 1 ga watan Yuli, 2025, Gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako ga ƙasashen waje, watau USAID, wadda Shugaba John Kennedy ya kafa cikin 1961. Al'amarin ya faro ne tun ran 20 ga watan Janairu na shekarar, ranar da Shugaba Donald Trump ya sake hawa mulki, ya sa hannu a kan umurnin dakatar da taimakon ƙasashen waje har kwana 90. Kafin watan Maris ya ƙare, Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Marco Rubio, ya ba da sanarwa cewa an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan hukumar. Nijeriya tana cikin ƙasashen da abin ya fi shafa, domin taimakon da ta samu daga Amurka cikin 2023 ya kai kimanin Dala miliyan 1,000, galibinsa a fannin kiwon lafiya da agajin gaggawa.

Ba a daɗe ba sakamakon ya bayyana. Cikin watan Yulin nan dai Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta yi gargaɗi cewa in ba a sami ƙarin kuɗi ba za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas, kuma fiye da ɗakunan shan magani 150 na yara masu tamowa a Jihohin Barno da Yobe za su rufe. A Jihar Katsina kuwa, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ce yara 652 suka rasu saboda tamowa a asibitocinta cikin wata shida na farkon shekarar.

Ko'ina aka zauna, a ofisoshin gwamnati ko a zaurukan jami'a, zancen kuɗin da aka rasa ake yi, da yadda za a cike gurbinsu. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai wani abu na biyu da ya tafi tare da kuɗin, wanda ba a cika ambatonsa ba. Shekara da shekaru, mai ba da kuɗi daga waje shi ne kusan kaɗai yake tilasta wa ƙungiyoyin sa kai na ƙasar nan su kawo lissafi, su nuna rasit, su bayyana abin da suka aikata. Gwamnati ba ta gina ma'auni nata na kanta ba, jama'ar da ake taimaka wa ba a taɓa ba su wannan iko ba, kwamitocin amintattun ƙungiyoyin kuwa, da yawa daga cikinsu suna ne kawai a takarda. To, in mai tambayar ya naɗe tabarmarsa, wa zai ci gaba da tambaya?

Takwas Cikin 126

Idan ba a manta ba, cikin watan Yuni, 2016, ma'aikatan MSF suka samu shiga garin Bama, suka tarar da mutum wajen 24,000 a sansanin 'yan gudun hijira, suka kuma ƙidaya kaburbura fiye da 1,200 a gefen sansanin, ɗaruruwa daga ciki na ƙananan yara ne. Labarin ya girgiza duniya. Cikin watan Fabrairu, 2017, aka yi taro a birnin Oslo, inda ƙasashe suka yi alkawarin Dala miliyan 672 don Nijeriya da sauran yankin Tafkin Cadi, kuma shirin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara wa arewa maso gabas a shekarar ya haura Dala miliyan 1,000. Nan da nan Maiduguri ta cika da ƙungiyoyi, na waje da na gida, kuɗin haya ya tashi, fararen motoci masu tambari suka cika tituna.

Ana cikin haka ne, a watan Janairu, 2017, Gwamnan Jihar Barno na lokacin, Alhaji Kashim Shettima, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa cikin 2023, ya fito ya ce a cikin ƙungiyoyi 126 da ke jihar, takwas ne kawai suke aikin gaskiya, sauran suna cin abinci ne da wahalar mutanensa. Maganar ta tayar da ƙura ƙwarai. Waɗansu suka ce gwamnan ya faɗi abin da kowa ya sani, waɗansu suka ce ya yi wa masu sadaukar da rai kuɗin goro.

Abin lura a nan shi ne, babu ɓangaren da ya iya kawo hujja da za ta raba gardama. Ba a buga wa jama'a wani rahoto mai nuna yadda aka auna ƙungiyoyin nan 126 har takwas suka tsallake ba. Su ma ƙungiyoyin da aka zarga ba su da wani littafi a buɗe da mutumin Maiduguri zai duba ya ga nawa suka karɓa da sunansa, nawa ya iso gare shi. Rahotanninsu suna nan, amma cikin Turanci, a hannun waɗanda suka ba su kuɗi a Washington da London da Brussels. Mai yiwuwa ne gwamnan ya yi gaskiya, mai yiwuwa ne kuma ya wuce gona da iri. Har yau hasashe kowa yake yi.

Yadda Ake Auna Aiki

Auna aikin agaji ba sabon ilmi ba ne, kuma da jini aka koye shi. Cikin watan Yuli, 1994, bayan kisan ƙare dangi na ƙasar Ruwanda, mutum wajen 850,000 suka kwarara zuwa garin Goma a gabashin Zayar cikin 'yan kwanaki. Ƙungiyoyi suka yi tururuwa, kowace da tutarta, amma cutar kwalara da atini suka kashe kimanin mutum 50,000 cikin wata ɗaya. Ƙasar Denmark ta jagoranci wani babban bincike na haɗin gwiwa wanda aka buga sakamakonsa cikin 1996, ya nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta hana waɗansu ƙungiyoyi yin aikin da ya jawo asarar rayuka ba, saboda rashin ƙwarewa da rashin tsari. Daga nan ne manyan ƙungiyoyi suka haɗu cikin 1997 suka fara tsara ƙa'idojin da ake kira Sphere.

Ƙa'idojin nan a fili suke, ko ɗalibin sakandare zai iya riƙe su. Kowane mutum a sansani ya sami aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, kada wurin ɗibar ruwan ya wuce mita 500 daga masaukinsa. Kada fiye da mutum 20 su haɗu a kan masai ɗaya. A ɗakin jinyar yara masu matsananciyar tamowa, fiye da kashi 75 cikin ɗari su warke, waɗanda za su rasu kada su kai kashi 10, waɗanda iyayensu za su janye kafin a sallame su kada su kai kashi 15. Da a ce Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumar agajin gaggawa sun riƙe waɗannan alƙaluma cikin 2017, suna bin sansani sansani suna rubutawa, da maganar takwas cikin 126 ta zama maganar lissafi.

To, amma a aikace abin da ake aunawa daban ne. Yawancin rahotannin da ƙungiyoyi suke aika wa masu kuɗi suna bin wani jadawali ne wanda aka ƙirƙiro wa ita USAID ɗin tun wajen 1969, wanda ake jera manufa, da ayyuka, da alamomin cin nasara a cikin gidaje gidaje. Jadawalin ba shi da aibi, domin ya tanadi gurbin abin da aka yi da kuma gurbin abin da ya sauya a rayuwar mutane. Sai dai gurbin farko yana da sauƙin cikawa, na biyun yana bukatar lokaci da kuɗi da haƙuri, kwangilar agaji kuwa sau da yawa ta wata shida ce ko shekara ɗaya. Saboda haka sai a ƙidaya rijiyoyin burtsatse da aka haƙa, a ɗauki hotonsu ranar buɗewa, a rufe fayil. Ko bayan damina biyu famfon yana kawo ruwa, ko akwai wanda aka koya wa gyaransa, ko gudawar yara ta ragu a unguwar, wannan ba ya shiga rahoto, domin kafin lokacin kwangilar ta ƙare, ma'aikatan sun koma wani aiki.

Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin wani reshe na wannan al'ada, watau taron ƙara wa juna sani. A kama ɗaki a otal, a rataya ƙyalle mai tambari, kowa ya sa hannu a takardar halarta, a ci abinci, a karɓi alawus, a watse. A rahoto za a rubuta cewa an horar da ma'aikata kaza. Wani ma'aikacin ya halarci bita iri ɗaya sau uku a hannun ƙungiyoyi uku, kowace ta lissafa shi a matsayin sabon wanda ta horar. Ba a ce duk bita banza ce ba, amma takardar halarta ba ta shaidar cewa wani abu ya sauya a ofis ran Litinin.

Akwai kuma matsalar wanda yake yin awon. Bisa al'ada, ƙungiyar da za a auna ita ce take ɗauko ƙwararren da zai auna ta, ita take biyansa, ita take ba shi mota da tafinta, ita take zaɓen ƙauyukan da zai je. Ƙwararren nan yana fatan a sake kiransa baɗi. A ƙananan hukumomin da hanya ba ta da tsaro, inda sai da jirgi mai saukar ungulu ake shiga, ziyarar takan zama ta 'yan sa'o'i, ko kuma a wakilta wani ya je ya cike takarda. In an iso sansani, an riga an sanar da bulama, an tara mutane. Matar da aka tambaya ko abincin yana isarta, ga wanda yake riƙe da jerin sunayen masu karɓa tsaye a gefe, ba abin da za ta ce sai godiya. Ban da tsoron a cire sunanta, tarbiyyar ƙasar nan ma ba ta yarda a kushe kyauta a gaban mai ita ba. Daɗin daɗawa, da yawa daga matan sansanonin tsakiya da arewacin Barno Kanuri ko Larabcin Shuwa suke ji sosai, alhali takardun tambaya da Turanci ko Hausa ake tsara su. Akwatin ƙorafi da ake kafawa a bakin sansani kuwa, sai mai iya rubutu yake amfana da shi.

Ba don a rage darajar ma'aikatan agaji aka kawo waɗannan ba. Saifura Hussaini Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, ungozomomi biyu masu aiki da Red Cross, a garin Rann aka sace su cikin watan Maris, 2018, aka kuma kashe su a shekarar. Irinsu suna da yawa, kuma akasarinsu 'yan ƙasa ne. Rashin ma'auni su ya fi cuta, domin shi ne yake sa a haɗa su a kwando ɗaya da mai ƙungiyar jakar hannu, wanda ofishinsa bai wuce hatimi da takarda mai tambari ba.

Shugaba Da Amintattu

A bisa doka, ƙungiyar sa kai ba mallakar wanda ya kafa ta ba ce. Ana yi mata rajista ne a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da sunan amintattu, bayan an buga sanarwa a jaridu biyu an ba da kwana 28 ga duk mai ƙorafi. Amintattun nan su ne doka ta ɗora wa amanar dukiyar ƙungiya. Su ya kamata su ɗauki shugaban gudanarwa, su yanka masa albashi, su naɗa mai binciken kuɗi wanda zai kawo rahotonsa gare su kai tsaye, in ta kama kuma su sallami shugaban.

Abin da aka fi gani shi ne akasin haka. Shugaban ne yake zaɓen amintattu, kuma yakan zaɓo matarsa, da ƙanensa, da abokin karatunsa, sai a ƙara da wani babban mutum mai ritaya don ado, wanda wataƙila bai taɓa ganin littafin kuɗin ƙungiyar ba. Taron shekara ba a yinsa, in mai ba da kuɗi ya nemi bayanin taro sai a rubuta a zagaya da shi gida gida a sa hannu. Shugaban shi ne mai sa hannu a banki, shi ne mai ɗaukar ma'aikata, shi ne mai magana da Turawa. Irin wannan ƙungiya tana iya yin aiki nagari muddin mutumin kirki ne yake riƙe da ita. Ranar da ya rasu, ko ya sami muƙamin siyasa, ƙungiyar ta bi shi. Ranar da ya karkace kuwa, babu mai ce masa kul.

Tsarin raba kuɗin agaji ma ya taimaka wajen raunana shugabancin ƙungiyoyin gida. A taron ƙoli na agaji da aka yi a Santambul cikin watan Mayu, 2016, manyan masu ba da kuɗi sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida ta hanya mafi kusa. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanci wannan adadi ba. Ƙungiyar gida ta ci gaba da zama 'yar ƙaramar kwangila: a ba ta kuɗin rabon kaya, a hana ta kuɗin riƙe akanta na dindindin ko na kiran taron amintattu, sa'an nan a juyo a ce ba ta da ƙarfin riƙe manyan kuɗi.

Aƙalla sau uku Gwamnatin Tarayya tana yunƙurin sa hannu a wannan al'amari, ana tashi baram-baram. Na farko shi ne ƙa'idar da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi, FRC, ta fitar cikin 2016, wadda ta ce shugaban ƙungiyar da ba ta neman riba kada ya wuce shekara 20 a kan kujera, ko shekara 70 da haihuwa. Ran 7 ga watan Janairu, 2017, Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya shugabanci reshen Nijeriya na cocin Redeemed saboda wannan ƙa'ida. Ƙasa ta ɗauki zafi. Bayan kwana biyu aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka dakatar da ƙa'idar. Na biyu shi ne shirin dokar kafa hukumar kula da ƙungiyoyi wanda marigayi Umar Buba Jibril, ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Kogi, ya gabatar cikin 2016. An saurari ra'ayin jama'a a kansa cikin watan Disamba, 2017, ƙungiyoyi suka yi masa ca, ya mutu a majalisa. Na uku shi ne sabuwar Dokar Kamfanoni wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 7 ga watan Agusta, 2020. Sashe na 839 na dokar ya ba CAC ikon dakatar da amintattu ta naɗa shugaban riƙo in ta ga alamar almundahana ko rashin iya gudanarwa. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ƙi amincewa, kuma cikin 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa sashen da waɗansu makamantansa sun saɓa wa tsarin mulki.

Duk yunƙurin nan uku sun yi tarayya a kuskure ɗaya. Sun fara ne daga ikon cirewa da naɗawa, wanda shi ne mataki na ƙarshe, suka tsallake mataki na farko, watau tilasta bayyana lissafi ga jama'a. Sun kuma haɗa masallaci da coci da ƙungiyar rabon abinci a ƙarƙashin hukunci ɗaya, saboda haka duk lokacin da aka taso da maganar sai ta rikiɗe ta zama rigimar addini, masu abin ɓoyewa su fake a bayan malamai da limaman coci.

Kwaɗo A Ƙofa

Inda doka ta gaza, sai aka koma ga kwaɗo. Ran 14 ga watan Disamba, 2018, rundunar soja ta dakatar da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, a arewa maso gabas bisa zargin horar da 'yan leƙen asiri, ta kuma janye dakatarwar kafin gari ya waye. Cikin watan Satumba, 2019, aka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps, ta farkon bisa zargin kai wa 'yan Boko Haram abinci da magani, zargin da ta musanta. A ƙarshen watan Oktoba aka ɗage takunkumin. A tsakanin nan dubban mutane sun rasa abincin da suke karɓa, kuma jama'a ba su ga an gurfanar da kowa gaban shari'a ba. A Jumhuriyar Nijar ma hanyar da aka bi ke nan: cikin watan Nuwamba, 2024, gwamnatin soja ta janye izinin ƙungiyar ACTED ta Faransa, cikin watan Fabrairu, 2025, kuma ta umurci Red Cross ta duniya ta bar ƙasar.

Babu mai musun cewa a fagen yaƙi hukuma tana da haƙƙin sanin inda buhun abinci da tulin kuɗi suka nufa. Amma rufe ofis ba ya gaya wa kowa ko ƙungiyar tana aiki nagari. Kuma tilas a faɗi gaskiya, abin da ya sa ƙungiyoyi suke ɗari-ɗari da sa idon gwamnati shi ne ita ma tana da nata tabon. Cikin 2016 kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Shehu Sani ya tono batun kwangilar cire ciyawa a shirin Shugaban Ƙasa na farfaɗo da arewa maso gabas, abin da ya kai ga sallamar Sakataren Gwamnatin Tarayya, Babachir Lawal, cikin 2017, ko da yake kotu ta sallame shi daga tuhumar cikin 2022. Cikin watan Janairu, 2024, aka dakatar da Ministar Harkokin Jinƙai, Betta Edu, bisa zargin ba da umurnin tura Naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum. Mai son ya duba littafin wani, sai ya yarda a duba nasa.

Sashe na 839 da aka yi ta rigima a kansa daga dokar Ingila aka kwaikwayo shi, amma an ɗauko reshe an bar saiwa. A can akwai hukuma mai zaman kanta da take kula da ƙungiyoyin jinƙai wajen 170,000, kuma duk wadda kuɗin shigarta ya wuce Fam 25,000 a shekara tilas ta aika da lissafinta, a sa shi a intanet kowa ya gani tare da sunayen amintattu. Da jaridar Times ta tona cikin watan Fabrairu, 2018, cewa waɗansu ma'aikatan Oxfam sun yi lalata da mata a ƙasar Haiti bayan girgizar ƙasa, hukumar ta yi bincike fiye da shekara guda, ta buga rahoto cikin watan Yuni, 2019, ta ɗora laifi a kan shugabanni da amintattu na lokacin, ta yi wa ƙungiyar gargaɗi a hukumance. Manyan shugabanni sun sauka, amma ba a rufe Oxfam ba. Haka nan cikin 2017 Tarayyar Ƙungiyoyin Red Cross ta duniya ita da kanta ta bayyana cewa wajen Dala miliyan 6 na yaƙi da cutar Ebola sun salwanta a Saliyo da Gini da Laberiya, kuma masu binciken kuɗinta ne suka gano. Ƙungiyar da take iya tona asirin kanta ta fi cancantar a amince da ita bisa wadda ba a taɓa jin ta sami kuskure ba.

Na Gida

Tun kafin zuwan fararen motoci akwai ƙungiyoyin sa kai a arewa, kuma su ne za su rage in motocin sun tafi. Jama'atu Nasril Islam tun 1962 take, Izala tun 1978, Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi, FOMWAN, an kafa ta a Minna cikin 1985, ga ƙungiyoyin mata na coci, ga ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai. Waɗannan suna da wani abu da ƙungiyar kwangila ba ta da shi: kuɗinsu daga aljihun mutanen da suke gani kullum yake fitowa. Izala takan tara fatun layya kowace shekara, ta sanar da abin da aka samu, kuma wanda ya ba da fatar ragonsa yana iya tsayawa bayan salla ya tambayi ina aka kwana a kan ginin makaranta. FOMWAN kuwa ta nuna cewa shugabanci yana iya wucewa daga hannu zuwa hannu: bayan Hajiya Aisha Lemu, Amira ta farko, mata da dama daga jihohi dabam dabam sun riƙe kujerar, ƙungiyar tana nan da makarantunta da asibitocinta.

Sai dai su ma ba su tsira ba. Sanar da jimlar abin da aka tara a kan mumbari ba daidai yake da lissafin da mai binciken kuɗi ya tantance ba, kuma girman malami yakan sa tambaya ta zama kamar rashin ladabi. Rigingimun shugabanci sun raba manyan ƙungiyoyi gida biyu, dukiyar da jama'a suka tara ta zama abin jayayya. In har za a ɗora wa waɗannan ƙungiyoyi nauyin ciyar da yara masu tamowa, to su ma sai sun koyi ƙidaya yaro nawa ya warke, nawa ya rasu, nawa uwarsa ta ɗauke shi ba a sallame shi ba.

Cikin watan Fabrairu, 2025, Majalisar Tarayya ta ƙara Dala miliyan 200 a kasafin kiwon lafiya don rage giɓin da janyewar Amurka ta bari. In wani kaso na irin wannan kuɗi zai bi ta hannun ƙungiyoyi, to gwamnati ta zama mai ba da kuɗi, kuma tambayoyin da Baturen USAID yake yi sun dawo kan teburin babban sakatare da darakta. Kayan aikin ma suna nan a warwatse. CAC tana karɓar rahoton shekara na amintattu. Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsare ta Tarayya ita take yi wa ƙungiyoyin waje rajista. Jihar Barno tun 2019 ta kafa hukumar daidaita ayyukan agaji, tana da sunayen masu aiki a jihar da wuraren da suke. Ba a bukatar sabuwar doka kafin a ce duk ƙungiyar da za ta karɓi kuɗin gwamnati, ko ta yi aiki a asibitin gwamnati, sai ta kawo lissafin da aka tantance, da sunayen amintattunta da dangantakarsu da shugaba, da ranar da suka yi taronsu na ƙarshe, da shekarun da shugaban ya yi a kan kujera. Jami'o'in Maiduguri da Bayero da Ahmadu Bello suna da malamai da ɗaliban da za su iya komawa ƙauye bayan shekara biyu su duba ko famfon yana aiki, su yi hira da matan da harshensu ba tare da mai jerin sunaye a gefe ba, in dai daga wani asusu dabam za a biya su. Abin da suka gano kuma a karanta shi a gidan rediyon jiha da Hausa da Kanuri, a manna kwafinsa a sakatariyar ƙaramar hukumar da aka yi aikin.